BABI NA UKU: TSOFAFFIN ƊALIBAN KWALEJIN BAREWA A AIKIN SOJA DA YADDA AKA KARRAMA SU

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a dubi tsofaffin ɗaliban Kwalejin Barewa ta Zariya waɗanda suka shiga aikin soja tsakanin shekarar 1950 zuwa 1960, da rawar da suka taka a tarihin Nijeriya, da kuma hanyoyin da aka bi wajen karrama su. An zaɓi waɗannan shekaru ne domin a cikinsu makarantar ta yaye hafsoshin farko na Arewa, waɗanda daga baya al'amuran ƙasar suka faɗa hannunsu. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, an karrama waɗannan mutane da sunayen barikoki da tituna da filayen jirgin sama, amma sunan da ke jikin allo ba ya faɗin abin da mai shi ya aikata. Don haka karramawar ba za ta cika ba sai an haɗa ta da ingantaccen tarihi, mai daɗinsa da marar daɗinsa.

3.1 Taƙaitaccen Tarihin Kwalejin

An kafa wannan makaranta a garin Katsina a shekarar 1921, zamanin Gwamna Hugh Clifford, wanda ya buɗe ta da kansa a watan Maris na 1922. Manufar kafa ta ita ce horar da malaman da za su koyar a makarantun lardunan Arewa, kuma 'ya'yan Musulmi aka nufa da ita tun farko. Daga cikin waɗanda suka yi karatu a Kwalejin Katsina akwai Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, wanda ya gama a 1931, da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya gama a 1933.

A shekarar 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, aka kira ta Kwalejin Kaduna. A nan ne irin su Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari suka yi karatu. A 1949 kuma aka sake mayar da ita Zariya, inda take har yau. Ta amsa sunan Sakandaren Zariya, sa'annan Kwalejin Gwamnati ta Zariya, kafin a raɗa mata suna Kwalejin Barewa a 1971. Saboda sauƙin bayani, za a riƙa kiran ta Barewa a duk tsawon wannan babi, ko da ana magana a kan lokacin da take amsa wani sunan.

Abubuwa biyu ya kamata a lura da su game da makarantar a shekarun da ake nazari. Na farko, ta tashi daga wurin horar da malamai kawai ta zama cikakkiyar sakandare mai shirya ɗalibai su ɗauki jarrabawar Kambirij. Na biyu, tana karɓar yara daga dukkan lardunan Arewa, Musulmi da Kirista. Wannan ne ya sa ɗan Barno da ɗan Katsina da ɗan Filato da ɗan Binuwai suka kwana a ɗaki ɗaya, suka ci daga tukunya ɗaya. Za a ga amfanin wannan cuɗanya a gaba.

3.2 Matsayin Aikin Soja a Idon Mutanen Arewa

Kafin shekarar 1950 aikin soja ba abin da ɗan boko yake sha'awa ba ne a Arewa. Asalin rundunar ya koma ga dakarun da Turawa suka tara a Legas a 1863, waɗanda aka sani da Hausawan Glover, da kuma rundunar da Lugard ya shirya a ƙarshen ƙarni na 19, wadda da ita aka ci Kano da Sakkwato a 1903. Saboda haka mutane da yawa suna kallon soja a matsayin karen farautar Nasara. Iyaye sun fi son ɗansu da ya yi boko ya zama malamin makaranta, ko ma'aikacin En'e, ko akawu. Soja kuwa ana ganin aikin wanda bai yi karatu ba ne.

Duk da haka, mafi yawan ƙananan sojoji daga Arewa suke, har ma Hausa ce harshen da aka daɗe ana amfani da shi a bariki. Su ne suka yi yaƙin Barma a Yaƙin Duniya na Biyu a cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Sai dai hafsoshin da ke ba su umarni duk Turawa ne. Da aka fara shirin miƙa mulki, sai ya zama dole a sami 'yan ƙasa masu ilimin sakandare da za su gaji waɗannan Turawa. A nan ne matsalar Arewa ta fito fili, domin makarantun sakandare a Kudu sun ninka na Arewa sau da yawa. Shugabannin Arewa suka lura cewa idan aka bar al'amarin haka, za a wayi gari kurata 'yan Arewa ne, masu ba da oda kuwa daga wani yanki.

Wannan ne dalilin da ya sa Sardauna da Ministan Tsaro Alhaji Muhammadu Ribaɗu da Ƙaramin Ministan Soja Alhaji Ibrahim Tako Galadiman Bida suka dage wajen jawo hankalin ɗalibai su shiga soja. A 1961 aka kafa tsarin kaso wajen ɗaukar hafsoshi, wato kashi 50 cikin 100 ga Arewa, 25 ga Gabas, 25 ga Yamma. Amma tun kafin wannan tsari ɗaliban Barewa sun riga sun buɗe hanya. Ita ce babbar sakandaren gwamnati a Arewa, ga shi kuma a garin Zariya ne makarantar horar da kurata take, don haka ɗalibanta sun saba ganin soja kusa da su.

3.3 Rukunin Farko

Birgediya Zakariya Maimalari shi ne jagoran wannan rukuni. An haife shi a 1930 a ƙasar Barno, a yankin da yake cikin Jihar Yobe a yau. Ya shiga soja a 1950, kuma shi da abokinsa Umar Lawan ne 'yan Nijeriya na farko da suka sami horo a makarantar hafsoshi ta Sandhurst da ke Ingila, suka fito a 1953. Ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. A farkon 1966 shi ne kwamandan Birged ta 2 mai hedkwata a Legas, kuma shi ne hafsa mafi girman muƙami daga Arewa.

Kanar Kur Muhammad da Laftanar-Kanar Abogo Largema su ma daga Lardin Barno suka fito, suka bi sawun Maimalari zuwa Sandhurst. A watan Janairun 1966 Kur Muhammad ne shugaban ma'aikata a hedkwatar soja ta Legas, Largema kuwa yana riƙe da Bataliya ta 4 a Ibadan.

Laftanar-Kanar James Yakubu Pam ɗan ƙabilar Birom ne daga Jos, an haife shi a 1933. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya zama hafsa a sashen igwa. A 1964, bayan sojojin Tanganyika sun yi bore, shi ya jagoranci bataliyar da Nijeriya ta aika don taimaka wa gwamnatin Julius Nyerere. Daga baya ya zama babban jami'i mai kula da sha'anin ma'aikata da ladabtarwa na rundunar baki ɗaya.

Janar Yakubu Gowon ɗan ƙabilar Angas ne daga Filato, amma a Wusasa ta Zariya ya tashi, inda mahaifinsa yake aikin mishan. An haife shi a 1934, ya yi Barewa daga 1950 zuwa 1953, ya shiga soja a 1954. Manjo-Janar Hassan Usman Katsina kuwa ɗan Sarkin Katsina Usman Nagogo ne. An haife shi a 1933, ya shiga soja a 1956. Shigar ɗan babban sarki irin wannan aiki ta taimaka ƙwarai wajen rage ƙyamar da iyaye suke yi masa, domin abin da ɗan sarki ya yi ba a kiransa aikin banza.

3.4 Rukuni na Biyu

Waɗanda suka biyo baya su ne suka gama makaranta daf da samun 'yancin kai.  Janar Murtala Ramat Muhammad, wanda aka haifa a Kano a 1938, ya gama a 1957, ya shiga soja a 1958. Ya sami horo a Teshie ta ƙasar Gana da Sandhurst, ya zama hafsa a 1961 a sashen sadarwa. Manjo-Janar Muhammadu Shuwa, ɗan Barno da aka haifa a 1939, tare da Murtala suka yi Barewa, tare kuma suka yi Sandhurst. Akwai kuma Birgediya Abba Kyari, shi ma daga Barno, wanda ya shiga soja a 1959.

Idan aka dubi waɗannan mutane tara da aka yi bayaninsu, za a ga sun fito daga larduna huɗu, wato Barno da Filato da Katsina da Kano. Akwai Musulmi a cikinsu, akwai Kirista. Abin da ya haɗa su shi ne makaranta ɗaya da aiki ɗaya.

3.5 Daren 15 ga Janairu, 1966

Babu ranar da ta taɓa tsofaffin ɗaliban Barewa kamar wannan. A daren ne wasu manjoji, ciki har da Chukwuma Kaduna Nzeogwu da Emmanuel Ifeajuna, suka yi yunƙurin kifar da gwamnatin farar hula. A Kaduna aka kashe Sardauna da matarsa Hafsatu. A Legas aka kama Firayim Minista Tafawa Ɓalewa, aka tsinci gawarsa bayan kwanaki a gefen hanyar Abekuta. An kuma kashe Firimiyan Yamma Samuel Akintola da Ministan Kuɗi Festus Okotie-Eboh.

Manyan hafsoshi bakwai aka kashe a wannan dare. Uku daga cikinsu 'yan Kudu ne, wato Birgediya Samuel Ademulegun da Kanar Ralph Shodeinde da Laftanar-Kanar Arthur Unegbe. Sauran huɗun su ne Maimalari da Kur Muhammad da Largema da Pam, dukkansu tsofaffin ɗaliban Barewa. Maimalari ya tsere daga gidansa na Ikoyi lokacin da aka kai farmaki. A kan hanya ya hangi motar Ifeajuna, wanda yake aiki a ƙarƙashinsa a hedkwatar birged, ya tsayar da shi yana zaton taimako ya samu, shi kuwa ya harbe shi. Largema ya zo Legas ne don halartar wani taron birged, aka kashe shi a otal ɗin Ikoyi inda ya sauka. Pam da Kur Muhammad kuwa daga gidajensu aka ɗauke su.

Ke nan a dare ɗaya makarantar ta rasa manyan 'ya'yanta shida, biyu a fagen siyasa, huɗu a soja. Waɗannan huɗu su ne mafiya girman muƙami daga Arewa. Gowon, wanda bai daɗe da dawowa daga wani kwas a Ingila ba, shi ne babba a cikin waɗanda suka rage. Manjo-Janar Aguiyi-Ironsi da ya karɓi mulki ya naɗa shi shugaban ma'aikatan soja, ya kuma naɗa Hassan Katsina Gwamnan Soja na Jihar Arewa.

3.6 Juyin Mulki na Biyu da Yaƙin Basasa

Rashin gurfanar da waɗanda suka yi kisan Janairu gaban shari'a, da kuma Dokar Soja mai lamba 34 ta watan Mayun 1966 wadda ta soke tsarin tarayya, sun harzuƙa sojojin Arewa. Ranar 29 ga Yuli, 1966 suka yi juyin mulkin ramuwa, wanda Murtala yake cikin manyan jagororinsa. Aka kashe Ironsi da mai masaukinsa Laftanar-Kanar Adekunle Fajuyi a Ibadan, tare da hafsoshi da ƙananan sojoji masu yawa 'yan Gabas. Ranar 1 ga Agusta Gowon ya zama Shugaban Ƙasa yana da shekara 31. A watan Mayu da kuma Satumba zuwa Oktoba na wannan shekara an kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo mazauna garuruwan Arewa, abin da ya sa waɗanda suka tsira suka kwarara zuwa Gabas.

Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12 ranar 27 ga Mayu, 1967, kuma Abba Kyari ne ya zama Gwamnan Jihar Arewa ta Tsakiya mai hedkwata a Kaduna, muƙamin da ya riƙe har 1975. Bayan kwana uku da ƙirƙiro jihohin, Laftanar-Kanar Odumegwu Ojukwu ya shelanta ɓallewar Biyafara. Yaƙi ya ɓarke ranar 6 ga Yuli.

A shekarar farko ta yaƙin, babban kaso na jagorancin ɓangaren tarayya yana hannun 'yan Barewa. Gowon ne Babban Kwamanda. Kanar Joseph Akahan, wanda bai yi Barewa ba, shi ne shugaban sojan ƙasa har zuwa rasuwarsa a haɗarin jirgi mai saukar ungulu, daga baya Hassan Katsina ya riƙe muƙamin. Daga cikin manyan rundunoni uku da suka yi yaƙin, Shuwa ne yake riƙe da ta ɗaya, Murtala da ta biyu. Ta uku ce kawai take hannun Kanar Benjamin Adekunle.

Salon abokan nan biyu ya bambanta. An san Shuwa da taka-tsantsan, ba ya matsawa gaba sai ya tabbatar da kayan aiki da tsaron bayansa. Rundunarsa ce ta kama Nsukka a Yulin 1967, da Inugu a farkon Oktoba, da Umuahiya a Afrilun 1969. Murtala kuwa mutum ne mai zafin nama da gaggawa. Cikin ɗan lokaci ya harhaɗa Runduna ta 2, ya kori sojojin Biyafara daga Jihar Yamma ta Tsakiya, ya ƙwato Binin a Satumban 1967. Amma ya nace sai ya ƙetare Kogin Kwara daga Asaba zuwa Anacha da jiragen ruwa, duk da shawarar da hedkwata ta ba shi ta ya zagaya. Sau uku ana gwadawa ana asarar sojoji masu yawa. Ba a kama Anacha ba sai a Maris na 1968, ta hanyar tudu. Har ila yau, a garin Asaba ne sojojin wannan runduna suka harbe ɗaruruwan fararen hula maza a farkon Oktoban 1967, musamman ranar 7 ga wata. Wannan ta'asa tana cikin mafiya muni a tarihin yaƙin, kuma mutanen garin suna tunawa da ita har yanzu.

Yaƙin ya ƙare ranar 15 ga Janairu, 1970, lokacin da Philip Effiong ya miƙa wuya a Barikin Dodan da ke Legas. Gowon ya shelanta cewa babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci da yaƙi, ya kuma ƙi kafa kotunan ramuwar gayya. Masana tarihi da dama suna ganin wannan shi ne babban abin da ya bar wa ƙasar.

3.7 Daga Gowon zuwa Murtala

Gowon ya yi shekara tara yana mulki. A zamaninsa aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, aka kuma kafa ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Yamma a 1975. Sai dai a 1974 ya janye alkawarin miƙa mulki ga farar hula a 1976, ga kuma zargin cin hanci da ake yi wa gwamnoninsa. Ranar 29 ga Yuli, 1975, yana halartar taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala, wasu kanar-kanar suka hamɓarar da shi ba tare da zubar da jini ba, suka ɗora Murtala. Wato ɗan Barewa ya gaji ɗan Barewa ta hanyar juyin mulki.

Murtala ya yi kimanin kwana 200 kacal. A cikinsu ya sallami ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000, ya ƙara yawan jihohi zuwa 19, ya yanke shawarar mayar da babban birnin ƙasa Abuja, ya kuma tsara jadawalin miƙa mulki a 1979. An kashe shi a Legas ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1976, a yunƙurin juyin mulkin Laftanar-Kanar Buka Suka Dimka. Gwamnatin da ta biyo baya ta zargi Gowon da hannu a ciki, ta tuɓe masa muƙaminsa na soja, zargin da ya musanta. Shugaba Shehu Shagari, shi ma tsohon ɗalibin makarantar, ya yi masa afuwa a 1981, aka kuma mayar masa da muƙaminsa a 1987.

3.8 Hanyoyin da Aka Bi Wajen Karrama Su

Ana iya kasa karramawar da aka yi wa waɗannan hafsoshi gida uku.

Kashi na farko shi ne sanya sunayensu a barikokin soja. Akwai Barikin Maimalari a Maiduguri, wanda shi ne hedkwatar Runduna ta 7 da aka kafa a 2013 don yaƙi da Boko Haram. Akwai Barikin Kur Muhammad a Bama, da na Abogo Largema a Biu. Abin lura a nan shi ne, an kai sunan kowannensu lardin da ya fito.

Kashi na biyu shi ne tituna da gine-ginen jama'a. A tsakiyar birnin Abuja akwai titunan da ke ɗauke da sunayen Zakariya Maimalari da Kur Muhammad da Abogo Largema. Filin jirgin saman Jos yana amsa sunan Yakubu Gowon. Hassan Katsina, wanda ya riƙe sarautar Ciroman Katsina, ya rasu a 1995, kuma an sa sunansa a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Katsina da wani babban wurin shaƙatawa a Kaduna. Amma babu wanda ya kai Murtala a wannan fanni. Babban filin jirgin saman Legas, da babban asibitin cikin birnin Kano, da dandalin taro na Kaduna, duk sunansa suke amsawa. A watan Fabrairun 1977 aka fitar da takardar Naira 20 mai hotonsa, ya zama ɗan Nijeriya na farko da aka sa hotonsa a takardar kuɗi. Motar da aka harbe shi a ciki tana ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Legas.

Kashi na uku shi ne ranar tunawa da 'yan mazan jiya. A da Nijeriya tana yin wannan biki ranar 11 ga Nuwamba kamar sauran ƙasashen renon Ingila, daga baya aka mayar da shi 15 ga Janairu don ya dace da ranar da yaƙin basasa ya ƙare. Shugaban Ƙasa da gwamnoni sukan ajiye furanni, a yi addu'o'i a masallatai da majami'u. Ikon Allah, wannan rana ita ce kuma ranar da aka kashe Maimalari da 'yan'uwansa uku shekara huɗu kafin ƙarshen yaƙin.

Ita kuwa makarantar, sunayen da gidajen kwananta suka shahara da su na gwamnoni ne da malamai, irin su Lugard da Clifford da Ɗan Hausa da Bello Kagara da Nagwamatse. Idan ana zayyana abin alfaharinta, kamar yadda aka yi a bikin cikarta shekara 100 a 2021, abin da aka fi ambata shi ne ta yaye shugabannin ƙasa biyar, wato Tafawa Ɓalewa da Gowon da Murtala da Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa.

3.9 Tsokaci a Kan Wannan Karramawa

Daga bayanan da suka gabata za a iya fitar da abubuwa uku.

Na farko, girman karramawa ya bi muƙamin siyasa da yanayin mutuwa fiye da aikin soja kansa. Murtala ya yi mulki, aka kashe shi yana kan ganiyar farin jininsa, don haka sunansa ya game ƙasa. Shuwa kuwa ya riƙe runduna mafi tsari a yaƙin na tsawon shekara biyu, ya yi ritaya ya koma gidansa a unguwar Gwange ta Maiduguri, inda 'yan bindiga suka harbe shi ranar 2 ga Nuwamba, 2012. Matasa da yawa ba su san ko wane ne shi ba sai da labarin kisansa ya bazu. Haka nan Pam, duk da aikin da ya yi a Tanganyika, ba a cika jin sunansa ba sai in ana lissafa mamatan Janairu.

Na biyu, suna kaɗai ba ya koyar da kome. Mutum yana iya shekara goma yana wucewa ta titin Abogo Largema bai san ko soja ne ko ɗan kasuwa ba. Abin ya ƙara tsananta da aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare na tsawon fiye da shekara goma, kafin a dawo da shi. Yaran da suka tashi a wannan tsakani sun ga hoton Murtala a kuɗi, amma ba a gaya musu dalili a aji ba.

Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, tarihin waɗannan mutane yana da fuska biyu. 'Yan Barewa ne aka zalunta a Janairun 1966, 'yan Barewa ne kuma suke cikin jagororin ramuwar Yuli, wadda ta ci rayukan mutanen da ba su da hannu a kisan farko. Su ne suka hana ƙasar wargajewa, kuma a ƙarƙashin rundunar ɗaya daga cikinsu aka yi kisan Asaba. Wanda ake yi wa kallon gwarzo a Kano, wani kallo dabam ake yi masa a Asaba, alhali Naira 20 ɗin da ke aljihun mutanen garuruwan biyu iri ɗaya ce. Mai son karrama su da gaskiya ba zai ɗauki rabi ya bar rabi ba. Idan aka ɓoye ɓangaren da ba shi da daɗi, ɗalibin da ya ci karo da shi daga baya a wani wuri zai yi shakkar sauran abin da aka gaya masa. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Saboda haka wannan bincike yana ganin cewa makarantar da ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta su suka fi dacewa su cike wannan giɓi, domin su ke da rajistar shiga da fita ta kowane ɗalibi. Ya kamata a sami kundi guda mai ɗauke da sunan duk wanda ya yi Barewa ya shiga sojan ƙasa ko na sama ko na ruwa, da shekarar da ya gama, da inda ya yi aiki, da inda ya rasu idan ya rasu a bakin daga. Kada a taƙaita shi ga janar-janar, a sa har da laftanan da ya faɗi a gaɓar Kwara wanda babu titin da ke amsa sunansa. A rubuta shi da Hausa da Turanci, a kuma riƙa karanta wa ɗalibai wani sashe nasa kowace ranar 15 ga Janairu.

3.10 Naɗewa

A wannan babi an kawo taƙaitaccen tarihin Kwalejin Barewa daga Katsina zuwa Zariya, da dalilan da suka sa ɗalibanta suka zama hafsoshin farko na Arewa. An bi rayuwar tara daga cikinsu, an ga yadda aka kashe huɗu a dare ɗaya, biyu suka mulki ƙasa, sauran kuma suka riƙe manyan muƙamai a lokacin yaƙin basasa. An nuna cewa hukuma ta karrama su da barikoki da tituna da takardar kuɗi, amma rabon bai zo daidai ba, kuma bayanin ayyukansu bai bi sunayen ba. Babi na gaba zai dubi tsofaffin ɗaliban makarantar da suka yi fice a aikin gwamnati da shari'a.